Me Ya Sa Shugaban Amurka Ba Ya Cewa “A Yafe Mini”?

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da kowa yake lafiya a Katsina. Ka gaida mini Hajiya da ƙannenka.

Tambaya biyu ka ɗaure mini a ƙulli ɗaya. Ka ce ka ci karo da fassarar jawabin bankwanan Joe Biden, ka kasa kunne har ƙarshe kana jiran inda zai roƙi jama'a gafara, shiru kake ji, shi ne kake tambaya ko girman kai ne irin na Turawa. Sannan ka haɗa da tsokana, wai mu Hausawan New York mun zama 'yan gari, har zaman sauraron bankwanan shugaban da ba namu ba muke yi.

Bari in fara sallamar tsokanar. Namu ne, ɗana. Da yawanmu a nan Bronx mun karɓi takardar zama 'yan ƙasa, muna biyan haraji, muna kaɗa ƙuri'a, 'ya'yanmu a nan aka yanke musu cibi. Kuma duk abin da mai zama a fadar White House ya sa wa hannu, har cikin ɗakunanmu yake samunmu. Obama ya yi bankwana ranar 10 ga Janairun 2017. Ranar 27 ga watan Trump ya hana mutanen ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shigowa, ciki har da Sudan. A watan Satumba aka ƙara Chadi, a ƙarshen Janairun 2020 kuma aka rufe wa 'yan Najeriya bizar zama ta dindindin. Akwai mutanenmu da matansu da 'ya'yansu suka maƙale a gida, sai da Biden ya soke dokar ranar da ya hau. Wanda ya ga haka ba sai an ce masa ya saurari mai fita da mai shiga ba. Ba ma aiki muke bari ba, direban tasi rediyon motarsa yake kunnawa, gardamar kuma sai an haɗu a masallaci washegari.

Na gane abin da kunnenka yake jira. A wajenmu ba a rabuwa ba a nemi gafara ba. Mai tafiya Hajji gida-gida yake bi, amarya tana roƙon iyayenta, malami in ya rufe tafsirin azumi da hakan yake ƙarewa. Marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa, bai kauce wa wannan ba. Da mutanen Abuja suka kai masa gaisuwar ƙaramar Sallah a Afrilun 2023 ya roƙi duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa, har ya yi barkwancin cewa in aka dame shi a Daura zai tsallaka Nijar. A jawabinsa na 28 ga Mayu ya sake ba da haƙuri kan wahalar da matakansa na tattalin arziki suka jawo. Mai jin Hausa ya san ba da masu ƙuri'a kaɗai yake ba, yana tuna haƙƙin mutane da ranar da za a tsaya a biya shi.

A nan kuwa, “laifina ne” magana ce da lauya yake tsincewa ya adana. Abu na farko da muke koya wa sabon direba shi ne, in ka yi karo da wata mota ka tambayi lafiyar mutum, ka kira 'yan sanda, ku yi musayar takardun inshora, amma kada bakinka ya suɓuce ka ɗauki laifi. Mu da muka taso ana taka mu muna cewa “yi haƙuri”, wannan darasi ya daɗe bai zauna mana ba. To shugaban ƙasa ya fi direba abokan gaba: ga kwamitocin bincike na majalisa, ga kotu, ga jam'iyyar adawa da za ta yanko maganar ta sa a tallan zaɓe. Shi ya sa ko wanda ruwa ya kai wa wuya rabin baki yake yi. Richard Nixon, daren 8 ga Agustan 1974 da badaƙalar Watergate ta tilasta masa murabus, ya ce yana nadamar duk cutarwar da ta yiwu an yi, kuma wasu shawarwarinsa kuskure ne, amma nan take ya ƙara da cewa don amfanin ƙasa ya yanke su. George W. Bush a Janairun 2009, da yaƙin Iraƙi a wuyansa, iyakarsa cewa akwai abubuwan da zai sauya da za a sake ba shi dama. Bai faɗi ko ɗaya ba.

Abin da suke yi a madadin neman gafara shi ne gargaɗi. Jawabin ya fi kama da wasiyya, kuma daga shugabansu na farko, George Washington, suka gaje shi. Nasa ma ba a baki ya yi ba, a wata jaridar Philadelphia aka buga shi ranar 19 ga Satumban 1796, bayan James Madison da Alexander Hamilton sun taya shi tsarawa a lokuta daban-daban. Ya sanar cewa ba zai nemi wa'adi na uku ba, alhali babu dokar da ta hana shi, don sai a 1951 aka sa iyakar wa'adi biyu a tsarin mulki. Daga nan ya shiga ja musu kunne: ku ji tsoron ƙungiyancin jam'iyya, kada 'yan siyasa su raba ku Kudu da Arewa ko Gabas da Yamma, kada ku tara bashin da jikoki za su biya, kada ku ƙulla ƙawancen din-din-din da wata ƙasar waje. Tun 1896, kowace shekara a watan Fabrairu ana zaɓar sanata ɗaya ya karanta wannan takarda a zauren majalisar dattawa, bana daga wannan jam'iyya, baɗi daga waccan. Sai ka ga ana karanta gargaɗi kan ƙungiyancin jam'iyya a zauren da kujerunsa ma bisa jam'iyya aka jera su.

Ga abin da zai ba ka mamaki. A duk cikinsu Washington ɗin ne ya fi kusa da abin da kake nema. Dab da ƙarshen takardar ya ce bai san ya yi kuskure da gangan ba, amma ya san rauninsa, don haka wataƙila kurakuran suna da yawa. Ya roƙi Maɗaukaki ya kawar da sharrin da za su haifar ko ya sassauta shi, ya kuma yi fatan ƙasarsa za ta dube su da rangwame bayan shekara 45 yana yi mata hidima. An taɓa fassara wannan wuri a zamanmu, wani dattijo ɗan Damagaram ya ce wallahi wannan da ladabin mutanenmu ya yi magana. Sai ɗaya daga cikin yaranmu haifaffun nan, ɗalibar jami'a, ta ce Baba, a lokacin da yake rubuta wannan akwai ɗaruruwan bayi baƙar fata suna noma a gonarsa ta Mount Vernon, kuma babu layi ɗaya a takardar da ya ambace su. Dattijon ya yi shiru, can ya ce ita ma gaskiya ta faɗa.

Wanda aka fi ambata bayan Washington shi ne Dwight Eisenhower, 17 ga Janairun 1961. Janar ne mai tauraro biyar, shi ya jagoranci dakarun ƙawance a Yammacin Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, amma da ya tashi tafiya sai ya gargaɗi ƙasar kan haɗin bakin rundunar soja da masu masana'antun ƙera makamai. Ya ce mutum miliyan uku da rabi ne suke aiki kai tsaye a harkar tsaro, kuma tasirin wannan haɗaka ya shiga kowane gari da kowane ofishin gwamnati. Biden salonsa ya ara ranar 15 ga Janairun 2025, ya ce wasu tsirarun attajirai suna neman tattare dukiya da iko a hannunsu, ya kuma nuna yatsa ga manyan kamfanonin fasaha.

A nan ne gardamarmu take zafi. Ɓangare ɗaya suna cewa ihu bayan hari ne: ka yi shekara huɗu ko takwas da alƙalami a hannunka, sai da ya rage kwana biyar ka tuna akwai ɓarayi a gari? Ɗaya ɓangaren suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai gaskiyar da mutum ba ya iya furtawa sai ya daina neman ƙuri'a da kuɗin yaƙin neman zaɓe. Ni ina ba Eisenhower wannan uzuri, don gidansu ya tona, kuma babu mai iya ce masa bai san soja ba. Biden kam na kasa ba shi cikakke. Mutumin da ya yi wa ɗansa afuwa wata ɗaya da rabi kafin nan, bayan ya sha cewa ba zai yi ba, wa'azinsa kan masu iko da suke kuɓuce wa hukunci bai shiga kunnuwa da yawa ba, har a cikin waɗanda suka zaɓe shi.

Wanda dattawanmu suke so, ko da ba jam'iyyarsa suke yi ba, shi ne Ronald Reagan. A 1986 ya sa hannu a dokar da ta ba baƙi marasa takarda kusan miliyan 2.7 izinin zama, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fara zuwa nan daga zangon Kumasi da Nima na ƙasar Ghana ta wannan ƙofa suka shiga. A bankwanansa na 11 ga Janairun 1989 ya siffanta Amurka da birni mai haske a kan tudu, ya ce in ma dole sai an yi masa ganuwa, to ganuwar tana da ƙofofi, kuma a buɗe suke ga duk mai niyya da zuciyar isowa. Gwanin magana ne, tsohon ɗan fim. Nadamar da ya ambata ita ce giɓin kasafin kuɗi, badaƙalar sayar wa Iran makamai kuwa ko kusa da ita bai je ba. Na Obama a Chicago, wurin da ya tsaya mana a rai shi ne inda ya ce bai yarda a nuna wa Musulmin Amurka wariya ba, zauren ya ɗauki tafi. Da jama'a suka yi ta ihun ya ƙara shekara huɗu, ya ce ba zai iya ba. Trump a 2021 bidiyo ya saki, bai ambaci sunan magajinsa ba, bai kuma je rantsar da shi ba.

Wannan duka ya shigo cikin al'amuranmu, kuma a nan nake so ka fahimce mu. Ƙungiyoyinmu na nan masu rajista ne, suna da tsarin mulki a rubuce, da wa'adi, da asusun banki. Kuɗin da ake tarawa ba na wasa ba ne, don da shi ake biyan hayar wurin salla, ake sayen filin kabari ko a kai gawa gida, ake tallafa wa wanda ciwo ya kwantar. A da, in shugaba zai sauka sai ya miƙe ya yi salati, ya gode wa Allah, ya ce duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, jama'a su amsa “mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya”, a shafa fatiha a ci shinkafa. Wa zai iya ɗaga hannu bayan an shafa fatiha ya ce ina rasit ɗin gyaran rufi? Ai sai a ce ba shi da tarbiyya. Na ga inda aka binne tambayoyi masu nauyi a ƙarƙashin wannan “mun yafe”, suka dawo bayan shekaru suka raba zumunci.

Yaranmu ne suka fara ƙin amsawa, su da aka koya musu tun firamare su ɗaga hannu su yi tambaya. 'Yan uwanmu na Ghana suka mara musu baya, suka ce a can tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya je gaban majalisa ya yi bayanin halin da ƙasa take ciki kafin a rushe ta, kamar yadda Akufo-Addo ya yi a farkon Janairun 2025. Yanzu a tamu ƙungiyar mai sauka yana fara karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ma'aji yana gefensa da takardun banki. Sannan ya faɗi abin da yake jin tsoro a gaba, kuma kusan kullum abu biyu ne: rabuwar kai tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zango, da kuma yaran da Hausa take zame musu a baki. Sai an gama tambayoyi liman yake ba shi dama ya nemi gafara.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Akwai dattawan da har yau suke ganin cin fuska ne a tsayar da mai furfura, wanda ya yi hidima kyauta bayan ya kwana yana tuƙi, yarinya sa'ar jikarsa tana tambayarsa ina dala ɗari uku ta shiga. Ɗaya daga cikinsu ya daina zuwa taron miƙa mulki saboda haka, sai dai ya aiko da kuɗinsa na wata. Limaminmu ya ce musu yafiya ba ta inganta a kan haƙƙin da mai shi bai san an ci ba, wasu malaman kuma suka ce a'a, yafiya ta gaba ɗaya ta wadatar. Maganar tana nan ba a rufe ta ba. In ka samu zama da malaminku na unguwa ka tambayar mini shi, ka turo mini amsarsa da murya, don dattawan nan sun fi yarda da abin da suka ji daga gida.