Wa ke sa ido kan makarantun nazare a Legas?

Hajiya, kin ce kina Agege, ɗanki ya kusa shekara 4, kina tambaya ko gwamnati na duba makarantun nazare da suka cika unguwa.

Tana dubawa, amma ba dukkansu take kaiwa ba. Masu zaman kansu ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jihar, OEQA, ke duba su. Na gwamnati kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, LASUBEB. Da yawa daga cikin masu zaman kansu ba su da rajista, don haka ki nemi ganin takardar izini da idonki. Ki leƙa banɗaki, ki ƙirga yaran da malama ɗaya ke fama da su.

A tsarin ilimi na ƙasa, sai shekara 6 ake shiga firamare, bayan shekara ɗaya ta share fage. Don Allah kada ki bari a tsallake masa aji.