Amsa: Fim ɗin ban tsoro mai barkwanci da saƙo

Ɗan'uwa, tunda ka ce fim ɗin ban tsoro kake nema wanda ba a yaba masa yadda ya kamata ba, mai dariya da hannunka-mai-sanda, nemi The People Under the Stairs na darakta Wes Craven, 1991.

Yaro ne baƙar fata a Los Anjales, uwarsa ba lafiya, masu gidan haya kuma za su kore su. Ya bi ɓarayi gidan attajiran masu gidan hayar, sai ga yara kulle a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ga dukiya jibge. Maigidan kuwa ya sha kayan fata har fuska, yana ta ɗirka wa bangon gidansa harsashi. Wallahi kana dariya gabanka na faɗuwa.

Duk mai biyan haya a Ƙofar Ƙaura zai gane inda aka dosa. Kada dai ka kunna gaban yara.