Tambaya da Amsa: Yaya ake auna bugun tsokar zuciyar da aka raina a ɗakin gwaji?

Tambaya: Malam, an ce yanzu ana raina tsokar zuciya a ɗakin gwaji har ta riƙa bugawa. Me ya sa ake neman na'ura mai laushi wajen auna ta, alhali akwai faranti mai wayoyi tun da daɗewa? Daga wata ɗaliba, Birnin Kebbi.

Amsa: Malama, gaskiya ne. Tun 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna yadda ake mayar da ƙwayar fatar mutum ƙwayar asali, wato wadda za ta iya zama kowace irin ƙwayar jiki. Daga ita ake samar da ƙwayoyin zuciya, cikin kwana 7 zuwa 10 su fara bugawa, a ɗumin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari.

Matsalar farantin gilashi taurinsa. Tsokar zuciya aikinta takurewa da sakewa, in aka manna ta a kan abin da ba ya motsi, kamar an ɗaure wa mai kokawa hannu ne a ce ya nuna ƙarfinsa. Za a ga siginar lantarki, amma bugun ba na asali ba ne, wani lokaci ma tsokar ta ɓalle daga farantin.

Shi ya sa ayarin Takao Someya a Jami'ar Tokiyo suka saƙa raga da zaren roba mai suna poliyuretan mai siranta fiye da gashi, suka lulluɓe da wata robar mai suna parilin don ƙara mata ƙarfi, sannan suka shimfiɗa zinariya a inda za ta taɓa tsoka. Ragar tana miƙewa tare da bugu, abinci da magani suna ratsa ramukanta. Sun yi awa 96 suna aunawa.

Abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin tashin sigina da komawarta, takwarar tazarar da likitoci ke kira QT a gwajin lantarkin zuciya na ECG. Maganin da ya toshe ƙofar potasiyam mai suna hERG yana tsawaita ta, hakan kuma na iya birkita bugun zuciya har ya kashe. Kinin da kulorokwin da muka sani duk suna tsawaita ta, don haka wannan bincike ya shafe mu kai tsaye.

A kula da abu uku. Sanyi yana rage bugu, kada a auna da zarar an fito da faranti ko an sauya ruwan abinci. Wutar gida mai bugun 50 a daƙiƙa tana shiga sigina in ba a haɗa wayar ƙasa ba. Kuma waɗannan ƙwayoyi sun fi kama da na ɗan tayi, sakamakonsu ba ya maye gurbin gwaji a jikin mutum.