Daga Tromso Zuwa Svalbard: Awa Nawa Ne a Jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zo ziyara wajen ƙanena da ke karatu a Tromso, arewacin Norway, kuma ina son in leƙa tsibiran Svalbard kafin in koma gida. A taswira kamar ƙarshen duniya ne. Nisan kilomita nawa ne, kuma awa nawa jirgi yake yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Taswirar ce ta tsorata ka. Irin wadda ke cikin waya tana miƙe duk abin da ya matso ƙarshen arewa, sai wuri ya kumbura ya fi girmansa. Daga filin jirgin Langnes na Tromso zuwa na Longyearbyen, babban garin Svalbard, kilomita 960 ne ko kusa da haka. Ya ɗan fi Kano zuwa Legas, ba da yawa ba.

Jirgin da ya tafi kai tsaye yana yin kamar awa ɗaya da minti 40. Idan ka yi lissafi da gudun jirgi irin Boeing 737, wanda yake cin sama da kilomita 800 a awa, za ka ga bai kamata ya kai haka ba. Sauran mintunan suna tafiya ne wajen gangarawa bakin titi, tashi, da saukowa a hankali. Iska ma tana da nata rabon. Wanda ya taso daga Oslo kuwa, kimanin kilomita 2,000 ne a gabansa, kusan awa uku. Agogo ɗaya ne duk wuraren, ba sai ka gyara ba.

Tafiyar kusan duk a kan teku ce. In ka samu kujerar taga kuma sama ta washe, wajen tsakiyar hanya kana iya hango tsibirin Bjørnøya shi kaɗai cikin ruwa. A watan Disamba kam kada ka wahalar da idonka, tun daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa a Longyearbyen.

Filin can an buɗe shi a 1975, kuma shi ne mafi kusa da ƙarshen arewa a cikin filayen da jiragen fasinja ke zuwa bisa jadawali. Babu wani babban fili kusa da shi. Hazo ko guguwa suka rufe shi, sai dai jirgi ya juyo Norway ko a fasa tashi. Don haka kada ka haɗa dawowarka da jirgin gida a rana ɗaya.

Abin da ya fi nisan damuna shi ne fasfonka. Svalbard ba ta buƙatar biza, amma ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, har da Norway, ana duba fasfo kafin a hau. Idan bizarka ta shiga ɗaya ce, kana tashi ka cinye ta, dawowa Tromso kuma ya zama rigima. Duba takardar tukuna: in ba ta ba ka shiga biyu ko fiye ba, kada ka sayi tikitin.