Bajamushen da ya zama sanata a Amurka bayan yaƙin basasa

Malam ka tambaya wai da gaske ne wani baƙo daga Jamus ya zama sanata a Amurka bayan yaƙin basasarsu. Ƙwarai kuwa, sunansa Carl Schurz. An haife shi 1829 kusa da Cologne, ya shiga boren neman sauyin mulki na 1848 a Jamus, da abin ya watse sai ya tsere, 1852 ya sauka Amurka. Janar ne a sojojin Arewa lokacin yaƙin.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne 1865, shugaba Andrew Johnson ya tura shi ya zago jihohin Kudu, mutumin nan ya dawo ya rubuta gaskiya tsantsa, cewa har yanzu ana duka ana kashe bayin da aka 'yanta, kuma sai an ba su ƙuri'a kafin su tsira, Johnson ko kaɗan bai so rahoton ba.

1869 ya zama sanatan Missouri, daga baya ya raba gari da shugaba Grant saboda cin hanci a gwamnatin Grant. Amma fa a nan ya ɓata min rai, don ya koma goyon bayan a janye soja daga Kudu, baƙar fata kuwa suka sha wuya. Ya yi ministan cikin gida 1877 zuwa 1881, ya rasu 1906 a New York.