Ciwon bayan ƙoƙon gwiwa: sai an canza gwiwar gaba ɗaya?

Tambaya: Likita, shekarata 54, ina koyarwa a Gombe. Idan hanya a miƙe take ina tafiyata lafiya lau, amma hawa bene, tashi daga tabarma da zaman tahiya sun zame mini azaba, gwiwar har ƙara take yi. An ce guringuntsin bayan ƙoƙon gwiwata ne ya cinye. Na ji ana iya canza wannan wurin kaɗai. Gaskiya ne?

Amsa: Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya ne, ana yi.

Gwiwa kashi uku ce: ɓangaren ciki, ɓangaren waje, sai na gaba inda ƙoƙon ke zamewa cikin wani kwari a bakin ƙashin cinya. Naki na gaban ne. Shi ya sa tafiya ba ta dame ki ba, lanƙwasawa ce matsalar. A hawan bene, nauyin da ke danne ƙoƙon yakan kai ninki uku na nauyin jiki, a tsuguno kuwa ya wuce haka nesa. Mata sun fi fama da wannan ciwon.

A aikin, ana kankare wurin da ya lalace, a shimfiɗa ƙarfe mai santsi a kwarin, a manna ɗan faifan roba mai tauri a bayan ƙoƙon. Sauran gwiwar da jijiyoyin da ke riƙe ta ba a taɓa su, don haka an fi saurin miƙewa. Galibi ana fara takawa da sanda cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni. Aikin ba ya amfani sai idan sauran ɓangarorin biyu lafiyarsu ƙalau. In amosanin, wato cinyewar guringuntsin, ya fara taɓa su, zai ci gaba da ci, bayan wasu shekaru a koma a canza gwiwar duka, an sha wuƙa sau biyu, an biya sau biyu. Wannan shi ne babban dalilin da ke sa a sake aikin. Mai amosanin da ke kumbura gaɓɓai da yawa, ko wadda ƙafarta ta gwame sosai, ko mai ƙiba ainun, bai dace da su ba. Saboda haka hoton ƙashi ɗaya daga gaba bai isa ba. A ɗauka kina tsaye, a kuma ɗauki na saman ƙoƙon gwiwa a lanƙwashe. Shi ake yawan mantawa, alhali shi ke tona ciwon.

Ki fara ganin likitan ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kada ki ji nauyin tambayarsa ko ya saba yin irin wannan aikin, domin ba a yinsa da yawa kamar canjin gwiwa duka.

Kafin nan, ki ba masu gashin ƙashi wata uku su ƙarfafa miki naman cinya, ki rage nauyi, ki sauya masai na tsuguno da na zama. Diclofenac ɗin da ake saye a kemis kullum yana damuna ƙwarai, yana cin ciki da ƙoda. Mai ɗori kuma ba shi da abin yi a nan, ba karaya ba ce.

Batun salla, ba zan yi miki alkawarin zaman tahiya a ƙasa ba. Ciwon yakan ragu sosai, amma da yawa durƙuso na ci gaba da yi musu wuya ko bayan aikin. Ki ajiye kujera kusa da daddumarki tun yanzu.