Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar kansul, in haƙura ne?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni ɗalibar nas ce daga Daura, na gama shekara ukuna amma sau biyu ina zana jarrabawar kansul, wato ta samun lasisin aiki, ban haye ba. 'Yan ajinmu sun karɓi lasisi wasu har sun fara aiki, ni ko biki na daina zuwa saboda kowa sai ya ce ya sakamako. Baba ya ce in haƙura a yi zancen aure, Umma kuma ta dage hannu aka sa min. Bacci ma ya gagare ni. An ce in na faɗi ta uku kora ce. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukarki, wato zancen kora. Da can haka ne, in mutum ya zana sau uku bai ci ba shikenan sai ya tattara nashi ya nashi. Amma a watan Satumba na 2025 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, wato kansul ɗin, ta soke wannan doka. Yanzu ɓangaren da kika faɗi shi za ki ta maimaitawa har ki ci, da sharaɗin kina nan a makaranta kuma kina halartar aƙalla kashi 80 cikin 100 na darasi da aikin asibiti. Ki je ofishin jarrabawa na makarantarku da ƙafarki ki ji yadda suke tsara abin, ki bar jita-jitar gurup ɗin WhatsApp.

To yanzu ni ma ga tawa tambayar, wane ɓangare kika faɗi? Kin rubuto min duk wannan baki faɗa ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Na daɗe ina koyar da ɗaliban nas a nan Katsina, wanda duk ya zo min da kuka in na ce takardar kwamfuta ce ta kayar da kai ko oski, wato jarrabawar gwada aiki a aikace, sai ya tsaya yana kallona, shi dai ya san ya faɗi, ya koma gida ya ɗauko littafin nan dai ya fara daga shafin farko, ya yi haddar da ya yi wancan karon, sannan ya shiga ɗakin jarrabawa yana fatan Allah ya canza. Hali zanen dutse dai, wanda ya karanta iri ɗaya sau uku sakamako iri ɗaya zai gani.

In takardar kwamfuta ce, matsalar yawanci hadda ce. Kin san bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 ne a minti, wannan ko cikin bacci aka tashe ki za ki faɗa. Amma su ba haka suke tambaya ba. Za su ce ga dattijo yana shan maganin zuciya na digoxin, kin auna kin samu 54, me za ki fara yi? Duk amsoshi huɗun sai ki ga kamar daidai ne, alhali abin da ake so ki dakatar da maganin ki sanar da likita. Ko su jero miki majinyata huɗu su ce wa za ki fara dubawa, nan hanyar iska ce farko, sai numfashi, sai zagayawar jini, mai ihu saboda ciwon ƙafa zai jira wanda ya yi shiru yana haki. Lissafin ƙarin ruwa kuma nan ake zubar da maki a banza wallahi: leda mai mil (wato mililita) 500 za ta shiga cikin awa 4, layin ɗigo 20 ne a kowane mil, ki ninka 500 da 20 ki raba da minti 240, ɗigo 42 kenan a minti. Ki yi irin wannan guda biyar kullum har hannunki ya saba. Tsofaffin tambayoyi ki dinga yinsu da agogo a gabanki, kuma ki samu ƙaramin littafi, duk wadda kika faɗi ki rubuta dalilin faɗuwar, ban sani ba ne, ko na sani amma na yi gaggawa ban ga kalmar nan mai nufin banda ba. Bayan sati biyu littafin da kanshi zai nuna miki inda kike yoyo. Sannan in ba ki saba da kwamfuta ba ki je kafe na intanet ki zauna ki saba da linzamin, waya daban take.

In kuma oski ne, to wannan ba a karanta shi a kan katifa. Akwai wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari a wod, wato ɗakin majinyata, majinyata har nemanta suke, amma da an kaɗa ƙararrawa sai ta afka wa aikin kai tsaye, ba wanke hannu, ba gaisuwa da gabatar da kai, ba neman izini, ba jan labule. Duk tana yinsu a zuciya, shi kuma mai ba da maki abin da idonshi ya gani kunnenshi ya ji kawai yake yi wa alama. Na sa ta kwantar da ƙanwarta a tabarma kullum bayan la'asar tana yi tana faɗa da baki, yanzu zan wanke hannu, yanzu zan duba sunan majinyaci, har 'yan gidansu suka haddace suna gyara mata in ta tsallake. Zagaye na gaba ta wuce.

Zancen Umma na an sa hannu, kar ki yi musu da ita, uwa ce, ki karɓi addu'arta ki ƙara da taki, amma littafin kurakuran nan ki riƙe shi. Baba kuwa kar ki tunkare shi da kuka. Ki samu wani kawunki ko malaminku da yake jin maganarshi a je da magana mai kai: ana zana ta nas a watan Mayu da Nuwamba, ga ɓangaren da ya rage, ga lokacin da nake roƙo. Iyaye sun fi ba da haƙuri in an yanka musu rana. Aure kuma ai ba ya hana, ina da ɗalibai masu goyo da suka ci.

Baccin nan ne bai min daɗi ba. In ya haura sati biyu ba bacci, ba cin abinci, kuka ba dalili, ko kina jin gara ma ki mutu ki huta, ki ga likita a babban asibitin Daura, in kuma kunyar idon sani kike ji ki shigo asibitin koyarwa na tarayya nan Katsina. Kar ki sayi maganin bacci a kemis, ke nas ce kin san abin da yake yi. Masu ya sakamako kuma amsarsu ɗaya, ana kai, a taya da addu'a, ki wuce abinki ki ci shinkafar bikin.

Ki rubuto min ɓangaren da kika faɗi da darasin da ya fi ba ki wuya, in tsara miki yadda za ki raba watannin da suka rage.